Likita ya ce a ƙara wa 'yata gishiri, surukata ta ce kashe ta zan yi

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, maigidana ɗan gwaggona ne. Haihuwata uku. Na farin namiji ne, ya rasu yana wata bakwai bayan gudawa da nimoniya. Ta biyun mace ce mai shekara huɗu, sai jariri ɗan wata biyar a goye. Yarinyar tun tana zanen goyo take tari. An yi mata maganin asma, an ba ta na tibi wata shida duk da gwaji bai nuna ba, babu sauƙi. Tana ci sosai amma ba ta ƙiba, kashinta mai maiƙo ne da wari, idan ta yi gumi kuma har fari-fari yake bushewa a goshinta. Daga ƙarshe muka kai ta Masar, aka yi gwajin gumi sau biyu, aka samu 98 da 104, aka ce sistik faiburosis ce, wai wata ƙofar gishiri ce ta lalace a hanyar numfashinta. Aka ce a ƙara mata gishiri a abinci, ta riƙa shaƙar ruwan gishiri da na'ura, ga wani kafso kafin cin abinci.

Gwaggo ta ce jikin da gishiri ya yi wa yawa har yana fita ta goshi ba a ƙara masa wani, kashe ta zan yi. Ta ce ciwon daga dangin mahaifiyata yake, tana so ya auro 'yar wani ƙanenta. Shi kuma maigida ya ce idan kwalaben sun ƙare a gida za mu riƙa haɗa ruwan gishirin, ya hana kafson tun da ya ji daga alade ake yin sa, kuma yana so ya sayar da filinsa ya sayo wani sabon magani daga Amurka. Ni na rasa wanda zan bi, kuma ina tsoron sake haihuwa.

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan ɗanki, ya sa mai ceto ne, yarinya kuma Allah ya ba ta lafiya. Shekara huɗu kina jinyar ciwon da ba a san sunansa ba, da aka samu sunan kuma sai gida ya rabu a kan magani, dole ki gaji. Sakamakon da kika kawo dai ba na kokwanto ba ne. A gwajin gumi, kuloraid, wato ɓangare ɗaya na gishiri, idan ya kai milimol 60 a lita yana nuna wannan ciwo, ƙasa da 30 yana kore shi a mafi yawan lokuta, abin da ke tsakani kuma sai an ƙara bincike. Na 'yarki ya wuce iyakar da nisa, har sau biyu. Kusan duk rigimar gidanki a kan abu ɗaya take, wato aikin da gishiri yake yi a hanyar numfashi, don haka a nan zan fi daɗewa, domin ki iya yi wa Gwaggo da maigida bayani da bakinki.

Tun daga hanci har ƙananan bututun cikin huhu, bangon hanyar iska a lulluɓe yake da ƙwayoyin halitta, da yawansu ɗauke da siraran gashi da ido ba ya gani, kusan 200 a kan kowace ƙwaya. Gashin yana kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa, duk ta fuska ɗaya, yana tura majina zuwa maƙogwaro mu haɗiye ba mu ma sani ba. Ƙura da ƙwayoyin cutar da muka shaƙa a jikin majinar suke maƙalewa su fita. Sai dai ba a cikin majinar gashin yake kaɗawa ba. A ƙarƙashinta akwai ɗan ruwa mai zurfin maikuromita 7, wato kashi 7 cikin 1,000 na milimita ɗaya, daidai tsawon gashin idan ya miƙe. Ita kanta lafiyayyar majina kusan kashi 98 cikin 100 ruwa ce. Da zarar ruwan ya ragu, majina ta yi kauri ta sauko ta danne gashin, tafiya ta tsaya.

Ƙwayar halitta ba ta da famfon tura ruwa kai tsaye. Gishiri take turawa, ruwa ya bi shi, kamar yadda ruwa ke fitowa idan kin barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir. Gishiri idan ya narke yana rabuwa gida biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne da cajin lantarki kishiyar na ɗan'uwansa, shi ya sa inda ɗaya ya nufa yake jan ɗayan. Kuma ba sa ratsa fatar ƙwayar sai ta ƙofofi na musamman. A gindin ƙwayar, ɓangaren da ke fuskantar jini, akwai famfo mai cin makamashi da ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 a kowane zagaye. Sodiyam sai ya yi ƙaranci a ciki, yana neman komowa. Wani mai dako da ake kira NKCC1 yana amfani da wannan, ya shigo da sodiyam ɗaya da fotasiyam ɗaya da kuloraid biyu a lokaci guda. Kuloraid ya taru a ciki. A saman ƙwayar, ɓangaren da ke fuskantar iska, ƙofar fitarsa ita ce CFTR. Idan ta buɗe kuloraid ya fita, sodiyam ya biyo shi ta tsakankanin ƙwayoyin, ruwa ya bi su. A gefenta akwai wata ƙofa, ENaC, mai yin akasin haka: tana tsotse sodiyam daga saman, ruwa ya koma ciki. Jan da turin nan biyu ne suke riƙe ruwan a maikuromita 7.

A jikin 'yarki CFTR ce ba ta aiki, ko ba a ƙera ta ba sam, ko an ƙera ta a karkace ba ta isa saman ƙwayar ba, ko ta isa amma ba ta buɗewa. Turi ya tsaya, tsotsa ta ci gaba. Masana har yanzu suna gardama a kan ko ENaC tana ƙara ƙaimi ne idan babu CFTR. Masu bincike na jihar North Carolina a Amurka sun daɗe suna cewa e, na jihar Iowa kuma da suka gwada a jikin jariran aladu masu wannan ciwo a 2010 ba su ga ƙarin ba. Ga mai jinya duk ɗaya ne, hanyar iska ta bushe. Akwai ƙari kuma: ta wannan ƙofa baikabonet ma yake fita, shi ne ke hana ruwan yin tsami. Binciken Iowa na 2012 ya nuna cewa idan ruwan ya yi tsami, sinadaran da jiki ke zubawa don kashe bakteriya ba sa aiki sosai. Sai bakteriya su samu wurin zama, fararen ƙwayoyin jini su zo yaƙi su mutu a wurin, abin da ke cikinsu ya ƙara wa majinar danƙo, a hankali bangon bututun ya lalace ya buɗe. Wannan ne tarin da aka ɗauka asma ko tibi. Ciwon bai yawaita a Yammacin Afirka kamar a Turai ba, na'urar gwajin gumi ma ta yi ƙaranci, don haka ba shi likita yake fara kawowa a ransa ba.

To, ga wurin da Gwaggo ta tsaya. A fata, ƙofar nan ɗaya ce amma tafiyar juyawa take yi. Gumi yana farawa a can ƙasa da gishiri kusan daidai da na jini. Yayin da yake haurowa ta siririn bututunsa, ENaC tana kwashe sodiyam, CFTR tana kwashe kuloraid, su mayar wa jiki, gumin ya fito da ɗan gishiri kaɗan. Idan CFTR ba ta aiki, kuloraid ba ya komawa, sodiyam ma sai ya tsaya tare da shi, duka su fice. Farin da kike gani a goshinta asara ce jikin yake yi. Haka ma aka gano abin tun farko: a zafin da aka yi a birnin New York a 1948, likita Paul di Sant'Agnese ya lura cewa da yawa daga yaran da aka kawo a galabaice masu wannan ciwo ne, ya bi diddigi har ya wallafa a 1953 cewa guminsu gishiri ne ya yi masa yawa.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba a kan sauran mutane. Yawan gishiri yana haddasa hawan jini, kuma da alama ita kanta an taɓa ce mata ta rage. Ki ba ta wannan gaskiyar tata tukuna, sannan ki nuna mata cewa jikarta dabam ce. A ƙasa mai zafi kamar tamu, musamman daga Maris zuwa Mayu, yaro mai wannan ciwo yana iya zubar da gishirin jininsa a 'yan kwanaki: ya daina cin abinci, ya yi amai, ya yi laushi, wani har ya kai ga jijjiga. Abin da ya fi haɗari shi ne ƙishirwa ba ta kama su yadda ya kamata, domin ƙishirwa tana tasowa ne idan gishirin jini ya ƙaru, su kuma ruwa da gishiri tare suke tafiya. Kada ki jira ta nema. Ki sa gishiri sosai a kwanonta ita kaɗai, ba a tukunyar gida ba. Ranar zafi, ko zazzaɓi, ko gudawa, ki ba ta ruwan ORS a hankali a hankali maimakon ruwa zalla. Idan babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Adadin kullum kuwa likitanta ne zai yanke bisa nauyinta, kuma auna sodiyam a fitsari yana nuna ko abin da ake ba ta ya isa, tun kafin na jini ya faɗi.

Gishirin shaƙa aikinsa dabam. Wanda ta ci ba ya zuwa saman hanyar iska, tun da ƙofar a rufe take, wanda ta shaƙa kuma ba ya biyan asarar gumi. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya kashi 0.9 cikin 100 ne, daidai da jini, ba ya jan ruwa daga ko'ina. Na shaƙa kashi 7 ne, giram 7 a mililita 100, ninki biyu na ruwan teku. Idan tururinsa ya sauka a kan majina, ruwa yana fitowa daga bangon ya bi shi ba tare da an buƙaci CFTR ba, majina ta saki, gashi ya miƙe na ɗan lokaci. Wani babban gwaji da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa mililita 4 sau biyu a rana yana rage yawan tashin ciwon, daga baya kuma an ga amfaninsa ga yara 'yan shekara 3 zuwa 6. Yana iya matse hanyar iska, don haka ana fara shaƙa salbutamol, maganin buɗe hanyar iska, minti 10 zuwa 15 kafinsa, karon farko kuma a gaban ma'aikacin lafiya ake yi. Tari bayan shaƙa ba matsala ba ce, shi ake nema. Idan numfashi ya fara fito ko ƙirji ya ɗaure, a tsaya a gaya wa likita, yana iya saukar da shi zuwa kashi 3.

Maigidanki kuɗi yake dubawa, kuma ba laifi ba ne, amma kada ki yarda a haɗa shi a gida. Gishirin kasuwa yana da aidin da sinadarin hana dunƙulewa, cokali ba ya ba da kashi 7 daidai, ruwan rijiya da na famfo da na randa kuma su ne mazaunin bakteriyar Pseudomonas, wadda idan ta kafu a huhun mai wannan ciwo fitar da ita sai an sha wuya. Abin da ciki yake kashewa, na'ura za ta kai shi can ƙasan huhu kai tsaye. Tun kwalaben ba su ƙare ba ku je sashen magani na asibitin koyarwa, ku tambayi ko za su samo muku ko su haɗa muku mai tsabta. Na kashi 3 ya fi samuwa domin ana amfani da shi a asibiti don wasu larurorin, kuma ya fi babu. Ba ya buƙatar firiji, saɓanin dornase, maganin da ke yanka danƙon majina, wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Saboda ɗaukewar wuta, ku nemi ƙaramar na'urar da ke aiki da batiri ko ku haɗa ta da sola.

Shaƙa tana sassauta majina ne kawai, sai an fitar da ita. Jerin shi ne salbutamol, sai ruwan gishiri, sai bugun ƙirji, maganin kashe bakteriya na shaƙa idan akwai shi ne na ƙarshe, domin ya sauka a hanyar da aka share. Ana bugun ƙirji da tafin hannu a lanƙwashe kamar mai ɗiban ruwa, a kan riga, minti 3 zuwa 5 a kowane ɓangare, gaba da baya da gefe biyu, jimla minti 20 zuwa 30, safe da yamma. Ba a bugun ciki ko tsakiyar ƙashin baya, ba a juya kanta ƙasa domin abinci yana iya haurowa, kuma kafin cin abinci ake yi ko bayan awa biyu. Ki je ma'aikacin fisiyo, wato mai gashi da motsa jiki a asibiti, ya nuna miki a jikinta, ya nuna wa maigida ma, domin aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A shekarunta za ta iya koyon hura madubi da baki buɗe har ya yi raɓa, sannan ta yi tari. Tsalle da guje-guje suna taimakawa, kada a killace ta. Bayan kowace shaƙa ki kwance kofin na'urar da abin rufe fuska, ki wanke da sabulu, ki tafasa minti 5 idan irin da ke jure zafi ne, ki bar su su bushe da kansu a kan tsabtataccen abu. Kofi mai danshi gidan Pseudomonas ne.

An tabbatar cewa hayaƙin sigari yana rage aikin CFTR ko a jikin mai lafiya, balle ita. Hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da hayaƙin janareta duk a nesanta ta da su, ki sa mata gidan sauro. Na san batun turaren wuta zai yi wa wasu ciwo, amma a ƙona shi a ɗakin da ba ta kwana. Da hunturu ta sa takunkumi idan ƙura ta taso. Kada a ba ta maganin tsayar da tari na kemis. A riƙa kai majinarta ɗakin gwaji duk wata uku ko da tana lafiya, domin idan aka kama Pseudomonas a farkon shigarta ana iya korarta da tobramycin na shaƙa na kwana 28. Rigakafinta kuma ya cika.

Yanzu kafson. Wannan ne ya fi damuna a wasiƙarki, domin kowace rana da aka hana ta shi ramewa take yi. Bututun fankiriyas, gaɓar ciki mai samar da sinadaran narkar da abinci, shi ma da CFTR yake zuba ruwa da baikabonet, idan babu ita sai ya toshe, sinadaran narkar da abinci su kasa isa hanji. Kusan 85 cikin 100 na masu ciwon haka suke, kuma kashi mai maiƙo shi ne alamarsa. Maigida ya ji daidai, kafso irin wannan, Creon da ire-irensa, daga fankiriyas na alade ake yin su, kuma duk waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su haka suke. Tsoron Allah ne ya sa ya hana, kada ki yi masa kallon mai taurin kai. Amma ayar da ta haramta naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, ita ce ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta. Fatawa ta malamai ce, don haka ku je tare wurin malamin da ya yarda da shi, da takardar likita mai cewa maganin wajibi ne kuma ba ku da madadinsa. Ki roƙi maigida a ci gaba da ba ta kafin ku je.

Ana ba da shi a farkon kowane abinci mai maiƙo ko madara, har da na marmari. Idan ba ta iya haɗiya, ki buɗe kafson ki zuba 'yan ƙwayoyin a cokali ɗaya na yogot ko markaɗaɗɗen tuffa ta haɗiye nan take, ba a niƙa ba a tauna, ba a zuba shi a koko mai zafi. Zafi yana kashe shi, kada a bar shi a mota ko a taga. Iyakarsa ita ce ma'auni 10,000 na lifes, sinadarin narkar da maiƙo da ke cikin kafson, a kowane kilo na nauyinta a rana, wuce haka yana iya lalata babban hanji. Tana buƙatar abinci fiye da sa'anninta: ƙwai, gyaɗa, wake, kifi, awara, man shanu ko man gyaɗa a kan abincinta, da bitamin A, D, E da K da likita zai rubuta. Ki riƙa auna nauyinta duk wata kina rubutawa, domin huhun yaron da ke ƙiba ya fi jurewa.

Maganin Amurka da maigida ya ji labari gaskiya ne. Sunansa Trikafta, ya fito a 2019, kuma ya canja rayuwar mutane da yawa, domin yana gyara ƙofar ya kai ta saman ƙwayar ya riƙe ta a buɗe. Amma sai akwai ƙofar da za a gyara. Tun da aka gano ƙwayar gadon CFTR a 1989 an samu fiye da canji 2,000 a cikinta. Wanda ya fi yawa a Turawa, F508del, yana ba da karkatacciyar ƙofa, maganin yana kama shi. Wanda aka fi samu a tsakanin 'yan asalin Afirka, 3120+1G>A, yana hana ƙera ƙofar ne tun daga tushe, mai kwafi biyu nasa maganin ba ya yi masa komai. Farashinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara, kuma sha ne na har abada, da an daina amfanin ya tafi. Kuɗin fili ba zai kai ko'ina ba. Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi yanzu shi ne gwajin ƙwayar gadon, kuma ku nace a karanta ta gaba ɗaya, domin ƙaramin gwajin da aka saba yi an tsara shi ne a kan canje-canjen Turawa, yana yawan tsallake namu. Filin ya tsaya, ko a sayar idan ta kama don ruwan shaƙa da kafso da abinci na shekaru. Da waɗannan abubuwa ne, tun kafin sabon maganin, aka ɗaga rayuwar masu ciwon a ƙasashen Yamma daga mutuwa kafin shiga makaranta zuwa girma da aure. Ba zan ce miki hanyar da sauƙi a nan ba, amma yawancin aikin a hannunku yake.

Maganar dangin mahaifiyarki ba ta da tushe. Gadon wannan ciwo irin na sikila ne, sai yaro ya karɓi kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ke da maigida kowannenku yana ɗauke da ɗaya kuna lafiya, kamar AS da AS. Tun da kakanninku ɗaya, abin da ya fi kusa shi ne daga can ya gangaro, ke ta wajen mahaifinki, shi ta wajen Gwaggo, kuma idan gwaji ya nuna kwafin biyu iri ɗaya ne, zancen ya ƙara ƙarfi. Kada ki mayar da wannan makami. Tsohuwa ce da ta binne jika ɗaya tana kallon na biyu yana tari, tana neman inda za ta ajiye tsoronta. Ki bar likita ya faɗa a gabanta, ko mahaifinki, tun da ɗan'uwanta ne, daga bakinsu zai fi shiga. Ki ba ta wani aiki a jinyar, ko da zama da yarinyar ne lokacin shaƙa.

Ƙarin aure haƙƙin maigida ne, amma ya sani cewa idan daga kakanku abin ya fito, 'yar ƙanen Gwaggo tana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta kasance mai ɗauke da shi. Duk wadda zai aura, ta dangi ko bare, a gwada ta kafin a sa rana, kamar yadda aka saba da gwajin sikila. Ku kuma, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon, biyu cikin huɗu mai ɗauke da shi lafiya lau, ɗaya cikin huɗu babu komai. Lissafin sabo ne a kowane ciki, ba ya tuna na baya. Ba dole ki yanke hukunci yanzu ba. Ki yi tazara har jinyar ta daidaita kuma sakamakon ya fito. Bayan nan akwai masu tsayawa a nan, akwai masu ci gaba da shirin gwada jariri da zarar an haife shi, akwai masu yin dashen ciki inda ake gwada ƙwan kafin a mayar da shi mahaifa, wanda yake da tsada kuma sai an san ainihin canjin da kuke ɗauke da shi. Wannan shawara ce taku ku biyu, da likita da malami.

Jaririn da ke bayanki kada ya jira alama. Yadda kika kwatanta rasuwar yayansa ya isa a gwada shi yanzu, ko da yana ƙiba. Ana iya gwajin gumi tun jariri yana sati biyu, idan kuma an gano canjin da yayarsa take da shi, ɗan jininsa kaɗan ya isa a aika a duba. Kafin sakamako, ki ci gaba da shayar da shi, ki riƙa auna nauyinsa duk sati biyu, kada ki fara ba shi gishiri da kanki, kada kuma ya yi amfani da na'urar yayarsa. Idan ya ƙi nono, ko ya yi laushi a ranar zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ki kai shi asibiti a ranar, ki ce musu yayarsa tana da sistik faiburosis, a auna masa sodiyam da fotasiyam da kuloraid na jini.